Wanda Ke Cikin Tanki Ba Ya Shiru

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Ƙofar Ruwa ba. Wannan ya ce, "Alhaji Sale, wai da gaske ne ka yi shara a can?" Wancan ya miƙo mini waya, ga hotona an bulbule ni da farar hoda tun daga ka har ƙafa, ya ce, "Wannan kuma biki ne ko jinya?" Na ba da labarin guntu-guntu har bakina ya gaji, kuma duk wanda na ba shi sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Eh, na yi shara. Hodar ma gaskiya ce. Ga yadda aka yi.

Duk wanda ya san ni ya san sana'ata tankunan ruwa na ƙarfe. Da turin baro na fara, na koma sayen tsofaffin duro, har Allah Ya kai ni ga tanki. Sai tankin roba ya shigo gari ya kwashe mana kasuwa. Ni dai har gobe ina nan a kan cewa ƙarfe ya fi: rana ba ta fasa shi, yaro ba ya huda shi da ƙusa. Aibinsa ɗaya ne, tsatsa. Ka zuba ruwa fari tas, bayan 'yan watanni matar gida ta buɗe famfo ta ga kamar zoɓo. Mun gwada fentin mai, ya ɓare. Mun gwada kwalta, ruwa ya yi warin titi. Haka tankuna suka taru mini a yadi, manya da ƙanana, kullum suna ƙara ja.

Filin yadin kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai, gadonmu ne ni da yayana, Yaya Ilu. Yaya mutum ne da ba ya son ganin ƙasa zaune banza. Wata rana ya zo ya tsaya ya ƙare wa tankunan kallo, ya ce, "Sale, wannan maƙabartar taka ta ishe ni. Daga nan zuwa Babbar Salla, in tanki bai fita daga nan da mai saye ba, zan kira 'yan gwangwan su yayyanka su, in zuba shaguna." Bai ƙara ba, ban ƙara ba. Dama mu biyun ba mu saba doguwar magana ba, daga gaisuwa sai ta'aziyya.

Ana cikin haka wani direban motar goro ya nuna mini hoto a wayarsa. Cikin wani tankin ƙarfe ne, shuɗi, sumul kamar sabon kwanon sha. Ya ce a Akra ya gani, a unguwar Mamobi, kuma wai inji gare su. Da jin inji hankalina ya kwanta, don abin da ake sayarwa ba ya ba ni tsoro. Muna da ɗan'uwa a can, Baba Awudu, wanda kakansa da kakan mahaifinmu ciki ɗaya suka fito. Fataucin goro ya kai nasu can suka zauna. Na kira shi, ya ce ya san wurin, in taho kawai.

Na sa mai walda ya yanko mini wani ɓangare na tankin da ya fi kowanne lalacewa, faɗinsa kamar faranti, don in nuna wa masu injin irin cutar da ke damuna. Na naɗe shi da jarida na sa a jaka. A jakar nan kuma na sa farar shaddata mai aiki, wadda na tanada don ranar da zan zauna da mai kamfani.

Kano zuwa Legas ba sai na gaya muku ba, kowa ya san yadda ƙugu ke ji. Daga Legas ne sabon karatu ya fara. Ƙasashen can kamar shagunan Kwari suke, ka fita wannan ka faɗa wancan. Kafin ka gama gyara zama an ce a sauko, Binin. Ka koma ka ɗan yi gyangyaɗi, a sauko, Togo. Kowace iyaka fasfo, katin rigakafi, buɗe jaka. Kuma kowace iyaka sai ƙarfen nan ya tsayar da ni. Masu atamfa da man shafawa na wucewa, ni mai guntun tsatsa ni ne abin kallo. A wata iyakar da Faransanci aka tambaye ni, na amsa da Hausa, muka rabu ba wanda ya gamsu.

A bakin iyakar Gana wani jami'i ya ɗaga ƙarfen sama, ya leƙe ni ta hudar da tsatsa ta yi, ya tambaya mene ne wannan. Wata Bazabarma 'yar kasuwa da muke mota ɗaya ta yi mini tafinta. Na ce ta gaya masa mara lafiya ne na kawo asibiti. Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa, sannan ya rage murya ya ce tankin gidan mahaifiyarsa ma haka yake, in na samo maganin in biyo ta wajensa. Na ce ashe cutar ta gama duniya. Daga nan ruwan sama ya raka mu har Akra, jakata kuwa tana saman mota.

Baba Awudu ya tare ni a tasha da la'asar. Tsoho ne siriri mai saurin tafiya. Ya sa ni a ƙaramar bas da suke kira turoturo, sai unguwarsu Nima, maƙwabciyar Mamobi. Abin da ya fara ba ni mamaki kunnena ne. Na kwana biyu ina jin yaren da ban sani ba, sai ga ni tsamo-tsamo cikin Hausa: mai kifi Hausa, mai gyaran waya Hausa, yara na tsokanar juna da Hausa. Amma in ka tambaya sai ka ji wannan Moshi ne, wancan Kotokoli, wancan Dagomba, wani ma ko a mafarki bai taɓa ganin Kano ba. Hausar tasu gajeriya ce, ba ta ɗaukar kaya da yawa, kuma a tsakiyar zance sai su zuba Turanci ko yaren Tuwi na can su wuce abinsu. Zan rubuta maganarsu da irin tamu don kada ku wahala. Su kuma tawa ce ke ba su dariya. Matar Baba ta ce ina magana kamar rediyo.

Gidan Baba na haya ne, tsakar gida ɗaya, ƙofofi barkatai. Ta wani lungu ake shiga wanda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya juya gefe. Ni da tumbina, duk wanda muka haɗu da shi baya yake komawa. Ba zaure, ba shamaki, mata na daka maza na wucewa, kowa na gaida kowa. Wanka kuwa a gidan wankan unguwa ake yi, ka bi layi da bokitinka. Na tsaya a layin ina ɓoye soso a bayana, sai na hango limamin masallacinsu a gabana da nasa a kafaɗa. Nan na saki jiki.

Da safe aka sayo koko a wajen wata mata, Mma Zenabu, wadda Baba ya ce teburinta na jingine da katangar wurin da za mu je. Ya ce, "Ɗana, sha. Wannan shi ne kokon Hausa, duk Gana an san shi."

Na kurɓa, citta da barkono suka shaƙe ni, hawaye ya zubo. Na ce, "Baba, ni Bahaushe ne tun daga kakanni, ban taɓa gamuwa da shi ba."

Ya ce, "To ku ne kuka manta."

Shinkafa da wake kuma, waace suke ce mata, a ganye ake zuba ta, a ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da ganda da wani baƙin yaji mai suna shito. Ranar farko na ce wannan ai haɗama ce, abinci huɗu a ganye ɗaya. Kafin mako ni ke cewa a ƙaro ganda.

Da na buɗe jaka in ciro shadda sai na tarar ruwan jiya ya jiƙa jaridar, ƙarfen ya yi aikin da ya saba. Bayan rigar ya yi ja tun daga wuya har ƙugu. Baba ya duba ya ce, "Ba komai, sa abinka. Zan riƙa bin ka a baya."

Na zaci zan ga kamfani mai ƙofar gilashi. Fili ne da rumfar kwano kusa da babbar kwata, ga tankuna ga duro ga bututai jibge. Wurin kwantar da babban tanki ɗaya ne, a jikin katanga, inda bututun fitar ruwansa zai leƙa ta wata huda zuwa lungu don ruwan wanki ya bi kwata. Mai wurin mace ce, Hajiya Adiza, kowa Masta yake ce mata. Gajeriya ce kakkaura, ɗankwali ɗaure tam, takalmin roba har gwiwa. Baba ya raɗa mini cewa marigayi mijinta ne ya koyo aikin a tashar jiragen ruwa, ta gaje shi ta kuma fi shi.

Na gaishe ta, na fito da ƙarfen. Ta ƙwanƙwasa, ta kankare da farce, ta ce, "Wannan ya mutu, Alaji. Amma 'yan'uwansa za su iya tashi."

Na ce, "Abin da ya kawo ni ke nan. Injin nake so in saya. Ki faɗi naki in faɗi nawa, ba na son dogon ciniki."

Ta ɗaga murya. "Fuseni! Nuna wa Alaji inji."

Wani dogo mai wuya kamar na zalɓe ya ja ni bayan rumfa. Tsofaffin tayoyin mota ne huɗu a kan sandunan ƙarfe biyu. A ɗora duro a kai, a zuba magani a ciki, a toshe, a yi ta juyawa da hannu har ya bi ko'ina. Na bututu kuma soso ne ɗaure a tsakiyar igiya, a zuba magani, wannan ya ja daga can wancan ya ja daga nan.

Na ce, "Na babban tanki fa?"

Ya bugi ƙirjinsa ya ce, "Ga shi."

Iyaka uku na tsallaka don in ga tsohuwar taya, abin da muke tuntuɓe da shi a Ƙofar Ruwa.

Masta ta ce, "Maganin efoksi sunansa, ana sayarwa a nan unguwar Kokomlemle, a garinku ma ba za a rasa ba. Ruwa biyu ne, mai kauri da tsararo, sai an haɗa su suke daskarewa. Je ka saya ka shafa. Kafin shekara zai ɓare kamar ɓawon albasa, mutane su sha shi a ruwa, su zo nemanka da sanda. Hannu ne ba a sayarwa."

"To ki koya mini in biya."

"Nan ba makaranta ba ce. In kana so, ka shiga kamar yadda kowa ya shiga."

Baba ya ja ni gefe ya yi mini bayani. A wajenmu yaro ake turawa shago a ce ga shi nan ya riƙa taya ka, shi ke nan. A can abin da tsari. Sai babba ya kawo ka ya tsaya maka. Ka zo da kiret na lemo, da gwangwanin biskit, da goro, da kujerar zamanka, da tsintsiya. Duk wanda ka tarar a wurin, ko sa'an ɗanka ne, Siniya za ka ce masa, shi kuma ya ce maka Junia. Shekaru ake yi, a ƙarshe a yi maka bikin 'yanci. Na ce, "Baba, ni fa ina da jikoki." Ya ce, "Kana da tankuna kuma."

Na tuna ma'aunin 'yan gwangwan, na koma wajen Masta na ce na yarda, amma ba ni da shekaru, Salla ce iyakata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Dama ba zan riƙe ka shekara ba, cinka zai karya ni. Ka san ƙarfe, na gani. Ranar da ka yi tanki ɗaya kai kaɗai, ka sha ruwansa a gaban mutane, ka tafi." Na yi godiya na juya zan fita, na manta da bayan rigata, Baba kuma ya tsaya gaisawa. Sai na ji ta ce, "Alaji, ashe kai ma kana bukatar shafi."

Washegari Baba ya kama hannuna, ni da furfurata, ya damƙa mata ya ce, "Ga yarona. Ba ya sata, sai dai ci." Aka sha lemo, aka miƙo mini tsintsiya. Wannan ita ce sharar da kuka ji.

Abin da na fara ganewa shi ne shafin ne ƙaramin aiki. Babban aikin kankara ce. Ka shiga da giranda, injin goge ƙarfe, da burushin waya ka ci tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka wanke, ka busar da injin iska. Sai Masta ta miƙa hannu ta goga farin hankici a ciki. In ya fito da ja ko baƙi, koma. Haɗin magani da awo ne, ba ƙari ba ragi, kuma na ruwan sha daban yake da na bene. Shafi biyu ake yi, a bar murfi buɗe har warin ya mutu, a wanke, sannan a zuba ruwa.

Sai dokar shiga ciki. Takunkumi a hanci, injin iska na hura maka, fitila a goshi, igiya a ƙugu, kan igiyar a hannun na waje. Masta ta ce, "Warin nan yana juyar da kai, mutum ya sulale ba a sani ba. Saboda haka wanda ke ciki ba ya shiru. Yi waƙa, yi labari, yi zagi, ba ruwana. In muka ji shiru ba ma tambaya, ja muke."

Siniya Fuseni in ya shiga labarin ƙwallo yake yi, har da ihun cin raga. Ni kuwa kun san ni, in ba ciniki ba ne bakina ba ya son motsi. Ranar da na fara shiga na lissafo unguwannin Kano, na lissafo 'ya'yana da jikokina, aiki ya ɗauke mini hankali na yi shiru. Sai ji na yi an fizge ni ta baya. Tankin a kwance yake, bakinsa a gefe. Ƙafafu suka fita, ƙugu ya fita, tumbi ya ce bai san zancen ba. Rabina na Mamobi, rabina na cikin tanki, ina ihu, "Lafiyata ƙalau! Lafiyata ƙalau!"

Masta ta ce, "To me ya hana ka faɗa tun ɗazu? Fuseni, kawo ruwan sabulu. Kuma daga yau an hana shi ganda."

Tun daga ranar na koyi surutu. Da labarin hanya ya ƙare, na kasuwa ya ƙare, sai na koma kan Yaya Ilu. Abin da na haɗiye shekara da shekaru ya riƙa fitowa da kansa. Na ce mutumin nan ko inuwar bishiya zai iya ba da haya. Na ce in an yanka ragon Salla tsayawa yake yana ƙirga tsoka. Na ce tun muna yara in an raba mana rake shi ke ɗaukar gindi ya bar mini kai. Hankalina a kwance, don a zatona Fuseni kaɗai ke ji, shi kuma rabin Hausar rediyo wuce shi take. Na dai lura mutanen lungu sun fara gaishe ni da fara'a, har wata rana wani mai gyaran takalmi ya ce, "Alaji, ya Yaya Ilu?" Na ce lallai Baba Awudu akwai yawan magana.

Da raguna suka fara bayyana a bakin titin Nima sai na tuna wa'adin Yaya. Na ce wa Masta lokaci fa ya matso. Ta ce yoo, wato to, ta nuna mini tankin jarrabawata. Na Mma Zenabu ne, wanda take tara ruwan koko a ciki. Na kankare shi kamar zan ci abinci a ciki. Hankici ya fito fari. Na haɗa magani na shiga, Fuseni na riƙe da igiya.

Na yi fiye da rabi ke nan sai fitilar goshina ta haska ƙarƙashin wata walda kusa da bututun fitar ruwa. Tsatsa ce, kamar kan babban yatsa, a inda hannun Masta bai kai ba. In na kankare yanzu ƙura za ta zuba a kan jiƙaƙƙen shafi, dole a jira ya bushe, a goge, a sake. Mako ya tafi ke nan. Da a da ne a zuci zan yi lissafina kamar kowane ɗan kasuwa. Amma baki ya riga ya saba gudu, abin da ke kaina shi ke fita.

Na ce, "To Sale, ga ta nan. In ka kankare, 'yan gwangwan su riga ka gida. In ka bi ta kai da rolar shafi, wa zai gani? Masta dai da wannan jikin ba ta shigowa nan. Fuseni ba ya jin Hausar kirki. Ita kuma tsohuwar, barkonon da take zubawa ya isa ya kashe tsatsa da mai tsatsar."

Sai wata murya ta fito daga bututun da ke daidai gwiwata, tar kamar a kunnena. "Alaji! Ni zan gani. A cikin kokona zan gani. Kuma wace ce tsohuwa?"

Bayanta kuma dariya ta ɓarke, ba ta mutum ɗaya ba, ba ta biyar ba. Ashe bututun nan da ke leƙa lungu daidai teburin Mma Zenabu yake fita, tanki kuwa lasifika ne. Ashe tun makonni masu shan koko da sassafe suke kama benci don su ji ci gaban labarin Yaya Ilu. Na daskare, bakina ya mutu. Kun san abin da shiru ke jawowa. Fuseni ya ja.

Wannan karon na fita sumul, hana gandar ta yi amfani. Na ɗago na ga Masta tsaye hannu a ƙugu. Ta ce, "Da wane jikin?"

Na ce, "Masta, a yi haƙuri."

Fuseni ya ce, "Ni ma na ji nawa, Junia."

Ban ga fushi a fuskar Masta ba. Ta ce, "Duk wanda ya shiga ciki sai ya yi wannan lissafin. Fuseni ya yi. Mijina ma ya yi, Allah Ya jiƙansa. Dokar magana don wari aka kafa ta, amma ka ga dalilin da ban taɓa toshe hudar katangar nan ba."

Ba zan ce muku da ba a amsa mini ba zan kankare ba, ba kuma zan ce zan shafe ba. Allah dai Ya taimake ni aka yi mini magana kafin in yanke. Na jira shafin ya bushe, na koma na ci tsatsar nan har ƙarfe ya yi fari, na goge, na sake daga farko. Makon ya tafi kamar yadda na lissafa. Kullum ina kallon raguna suna ƙara yawa ina jin kamar ni za a yanka.

Ranar 'yanci aka cika tankin. Mma Zenabu da kanta ta tara kofi ta miƙo mini a gaban jama'a. Na sha. Ruwa ne kawai, ba wari ba ɗanɗano, kuma ban taɓa shan abin da ya fi shi daɗi ba. Ta sake cikawa ta ce, "Wannan kuma na tsohuwa ne, shanye." Aka yafa mini farin yadi. Al'adarsu duk mai taya ka murna hoda yake zuba maka, masu shan koko kuwa ba wanda bai zo da gwangwaninsa ba. Hoton da kuke yawo da shi ke nan. Fuseni ya ɗan tsula mini bulala ɗaya, wai ta ƙarshe, daga ita ba mai sake dukana a sana'a. Masta ta ba ni rola da farin hankici da igiya. Ta ce, "Garinku zafi, maganin zai riga ka daskarewa. Haɗa kaɗan-kaɗan, yi da sassafe. Kuma kada ka shiga sai wanda ka yarda da shi ne a bakin igiya."

A dawowa ban sami jami'in nan na iyakar Gana ba. In wani zai bi ta can ya gaya masa maganin na Mamobi, amma ya tafi da tsintsiya.

Na iso Kano na tarar 'yan gwangwan har sun zo sun yi wa tankunan alama da alli. Na zaɓi ɗaya na faɗa masa da kankara. Haɗin farko na manta da gargaɗin Masta, na cika kwano da hantsi, kafin in gyara takunkumi ya daskare da sandar juyawa tsaye a ciki. Yana nan a shago, mai so ya zo ya gani. Washegari da sassafe na sake haɗawa, na ɗaura igiya, na duba wanda zan ba. Sai ga Yaya ya shigo duba filinsa. Na miƙa masa kan igiyar na gaya masa dokar. Ya juya ta a hannu, ya ja kujera ya zauna.

Na shiga. Na ba shi labarin iyaka, na koko, na layin wanka. Can magana ta ƙare mini. Ya girgiza igiya ya ce, "Yi magana mana."

Na ce, "Yaya, na rasa abin faɗa."

Ya ce, "Faɗi na inuwar bishiya."

Na ce, "A ina ka ji wannan?"

Ya ce, "Baba Awudu kullum sai ya kira ni daga teburin mai koko ya kara mini waya. Na naman Salla ma na ji. Ƙarya kake, ba ƙirgawa nake ba, dubawa nake. Rake kuwa ai kai haƙoranka ba su gama fitowa ba, gindin zai fi ƙarfinka."

Na ce, "Shekara nawa haƙoran suka yi ba su fito ba?"

Ya yi dariya har na ji igiya ta saki. Daga nan ban sake rasa abin faɗa ba, ina faɗa daga ciki yana ramawa daga waje, har na gama shafin. Tun rasuwar mahaifinmu ba mu taɓa magana mai tsawon wannan ba.

Ana jibi Salla aka cika tankin. Na tara kofi na sha, Yaya ya karɓa ya ɗaga shi a rana ya duba, ya sha. Ya ce a kai masa gida. Na ce ai sharaɗin mai saye ne, ba mai karɓa ba. Muka zauna muka yi ciniki kamar ba mu taɓa ganin juna ba, ya kushe tankin, na rantse, Fuseni da zai gani da ya ce faɗa ne. Da 'yan gwangwan suka iso da motarsu sai suka tarar ana ɗora tanki a wata motar. Yaya ya ce su yi haƙuri, an fasa. Don kada su koma hannu banza na ba su guntun ƙarfen nan da ya je Gana ya dawo.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Wanda bai ƙoshi ba a cikinku ya zo yadi da sassafe ya riƙe mini igiya. Zai ji sauran, har da nasa.